Ra'ayin 'Yan Kallo a kan Finafinan Undisputed: Yadda Mugu Ya Zama Gwarzo

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun saba su wuce ra'ayin 'yan kallo da hanzari, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kallo ba ya kawo hujja. Yakan ce wasa ya yi daɗi ko bai yi ba, ya kaɗe rigarsa ya tafi, ya bar mai nazari ba shi da abin da zai kama. Amma akwai wurin da ra'ayin nan yake barin sawu wanda za a iya bi a auna, watau inda wasa ya fito kashi-kashi, har masu shirya shi suka sami damar jin abin da jama'a ke faɗi game da wani kashi kafin su ƙulla mai bi masa. A nan ra'ayin jama'a yakan shiga cikin zubin labarin kansa, ya ɗaga wani ɗan wasa, ya kau da wani. Wannan takarda za ta duba misali ɗaya na irin wannan, watau jerin finafinai huɗu na Amurka masu suna Undisputed, waɗanda suka fito tsakanin 2002 da 2016, kuma akasarin labarinsu faɗa ne a cikin kurkuku. Abin da nake so in nuna shi ne, abin da 'yan kallo suka ce suna so a finafinan nan dabam yake da abin da zaɓinsu ya nuna suna so, kuma aikin mai nazari yana tsakanin biyun nan.

Tun da yake ba kowane mai karatu ya ga finafinan ba, wajibi ne a fara da labarin.

Na farko ya fito a 2002, Walter Hill ya ba da umarni, shi da David Giler suka rubuta. Wani zakaran damben duniya, George Chambers, wanda ake wa laƙabi da Iceman, an same shi da laifin fyaɗe, aka kai shi wani kurkuku mai suna Sweetwater a hamadar Kalifoniya. Duk wanda ya san an ɗaure Mike Tyson a 1992 saboda irin wannan laifi ya san inda aka ɗebo labarin. A kurkukun nan akwai wani fursuna, Monroe Hutchen, mai ɗaurin rai da rai, wanda shekara da shekaru ba a taɓa buge shi a damben gidan yari ba, mutum mai shiru-shiru, wanda ba ya da aiki a ɗakinsa sai gina 'yan gidaje da tsinken sakace. Wani tsohon ɗan ta'adda mai son dambe ya haɗa su, Hutchen ya yi nasara, Chambers ya fita ya koma duniyarsa yana musun an taɓa yin karon. Ving Rhames ya fito a Chambers, Wesley Snipes a Hutchen, Peter Falk a tsohon. Fim ɗin bai yi kasuwa a gidajen sinima ba, sai da ya koma kaset da faifai sa'an nan ya sami masu kallo.

Kasuwar faifan nan ita ta haifi na biyu a 2006. Isaac Florentine, mutumin Isra'ila wanda shi kansa gwanin karate ne, ya karɓi aikin, aka ɗauki fim ɗin a Bulgeriya da kuɗi kaɗan. Aka ɗauko Chambers, mugun fim na farko, aka mai da shi tauraro, Michael Jai White ya hau matsayin. Ya je Rasha yin tallar giya, aka ɓoye masa hodar iblis a masauki, aka jefa shi kurkuku don a tilasta shi ya kara da zakaran wurin, Yuri Boyka, domin 'yan caca su ci riba. Scott Adkins, Bature ɗan Ingila wanda a lokacin kusan ba wanda ya san shi, shi ya fito a Boyka. A karo na farko aka zuba wa Chambers magani a ruwan sha, ya faɗi. A na biyu, bayan wani tsohon fursuna mai zama a keken guragu ya koya masa dabarun kokawa da murɗe gaɓa, ya karya gwiwar Boyka, ya fita.

Bisa ga al'adar irin wannan wasa, nan ya kamata a manta da Boyka, gama mugu ne, an karya shi, aikinsa ya ƙare. Sai jama'a suka ƙi. Sunan da ya bi gari bayan fim na biyu nasa ne, har ya kai samarin da ke kallon finafinan faɗa a garuruwanmu da yawa sun san sunan Boyka ba su san sunan jerin finafinan ba. Saboda haka da aka zo yin na uku a 2010, mai taken Redemption, watau fansa, ba a ko waiwayi Chambers ba. An buɗe da Boyka gurgu, yana goge ƙazantar makewayin kurkuku da tsumma a bakin sanda. Ya lallaɓa ya gyara jikinsa, ya sami shiga wata gasa ta fursunoni takwas daga ƙasashe dabam-dabam, a wani kurkuku da aka ce yana ƙasar Jojiya, an yi alkawarin sakin wanda ya ci. Ashe an riga an shirya wanda zai ci, wani mutumin Kolambiya mai laƙabin Dolor. Shi yana hutawa ana ba shi magungunan ƙarfi, sauran kuwa ana kora su fasa dutse, wanda aka buge kuma a fita da shi a ɓoye a harbe. Boyka ya yi abota da wani Ba'amurke baƙar fata, Turbo, ya taimake shi ya tsere, sa'an nan ya kara da Dolor ya karya masa ƙafa.

Na biyu da na uku ba su bi ta manyan gidajen sinima na Amurka ba, a faifai aka sake su, kuma a can wannan alama ce ta fim maras daraja. Duk da haka, a dandalin IMDb, inda masu kallo ke ba finafinai maki, na uku ya fi na farko maki nesa ba kusa ba, ko da yake na farkon ne ke da mashahuran 'yan wasa da darakta mai suna. Wannan ba safai ake ganinsa ba, domin galibi ruwa yakan ƙara tsarwa ne daga kashi zuwa kashi. Adkins kansa ya sha kukan cewa masu ƙaunar fim na uku da yawa ba su saya ba, saukewa suka yi daga intanet ta hanyar sata, kuma wannan ya jinkirta samun kuɗin yin na huɗu. Ke nan ƙaunar jama'a ta ɗaga Boyka, rowarsu kuma ta kusa binne shi.

To, me 'yan kallon ke cewa? Maganar da ta fi yawa a bakinsu, ko masu yabo ko masu kushe, guda ce: labarin ba kome ba ne, faɗan ake kallo. Mai yabo yana faɗin haka da alfahari, kamar mai cewa shi nama ya zo ci, a ɗauke masa tuwo. Mai kushe yana faɗi da raini. Ba zan yi saurin ture maganar nan ba, gama akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar ta shafi sana'a. A shekarun da aka yi finafinan nan, yayin da ake ciki a Hollywood shi ne a girgiza kamara a daddatsa hoto ƙanana-ƙanana, kamar yadda Paul Greengrass ya yi a finafinan Bourne na 2004 da 2007, har mai kallo ya ji hayaniyar faɗa ba tare da ya ga wa ya bugi wa ba. Wannan salo yana rufa wa ɗan wasan da bai iya faɗa ba asiri. Florentine ya yi akasin haka. Ya ja kamara baya har jikin mutum biyu ya bayyana daga kai zuwa ƙafa, ya bar hoton ya daɗe kafin ya yanke, in bugu ya kai maƙura ya sassauta gudun hoton domin ido ya ƙoshi. Ba ya iya yin haka sai da mutanen da suka iya abin da gaske, kuma ya same su. J. J. Perry ya tsara faɗan na biyu, Larnell Stovall na uku. Ɗan kallon da ya ce a nan ya ga faɗan da babban fim mai tarin kuɗi ya hana shi gani bai yi ƙarya ba, kuma idonsa ya riga na masu sharhi da yawa gane wannan. Abin dariya, Adkins ɗin nan ya fito a wani ɗan ƙaramin matsayi a Bourne na 2007, kuma da wuya a sami wanda ya lura da shi a cikin girgizar.

Amma a gwada maganar da ma'auninta. In faɗa kaɗai ake kallo, ya kamata ƙaunar jama'a ta bi gwaninta duk inda take. Marko Zaror, mutumin Cile wanda ya fito a Dolor, bai gaza Adkins a tsalle da juyi ba, wasu ma sun ce ya fi shi tsawon ƙafa da kyan tashi. Lateef Crowder, wanda ya fito a fursunan Barazil mai faɗan kafuwera, ya yi abin da ido bai saba gani ba. Michael Jai White shi ne ma ya ci nasara a fim na biyu. Ba ɗayansu da jama'a suka nemi a yi masa fim nasa na kansa a jerin nan. Lalle akwai wani abu a wurin Boyka wanda ba a ƙafarsa yake ba.

A ganina abin yana cikin wata 'yar fitowa a fim na biyu wadda ba a yi karo a cikinta ba. Bayan Boyka ya buge Chambers a karo na farko, sai ya ji labarin maganin da aka zuba a ruwa, kuma mutanensa ne suka ƙulla, don su tabbatar da kuɗinsu. Mugu na al'ada dariya zai yi, gama nasara ta samu. Boyka kuwa hauka ya yi, ya huce a kan waɗanda suka yi masa wannan gata, ya nemi a sake karawa. Da kansa ya buɗe ƙofar da aka bi aka karya masa gwiwa. Mai rubutun ya sa wannan ne, ina tsammani, don kawai ya sami hanyar kai labari ga karo na biyu, amma da ya yi haka sai ya ba mugunsa abin da bai ba tauraronsa ba, watau wata doka da yake bi ko da za ta cuce shi. Chambers yana faɗa don ya fita. Boyka yana faɗa don maganar da ya faɗa game da kansa ta zama gaskiya. Ya ce Allah ya ba shi baiwa guda ɗaya tak, kuma babu mayaƙin da ya cika kamarsa a duniya, ana kuma nuna shi yana addu'a irin ta Kiristocin Rasha kafin ya shiga fage.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin kirari ne, kuma ya san hukuncin kirari. Ɗan damben da ya fito fage ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari ya ci bashi ne a gaban jama'a, kuma da jikinsa zai biya. In ya yi kisa bayan an ɗaure wa abokin karonsa hannu, bashin yana nan, har ya ƙaru da kunya. 'Yan kallo a ƙasashe da yawa, waɗanda ba su taɓa jin kalmar kirari ba, sun gane wannan lissafi, suka bi wanda ya ɗauki kirarinsa da nauyi. Wannan kuwa hali ne, hali kuma labari ne ke gina shi. Ashe mutumin da ya ce shi ba ruwansa da labari, wani yanki na labarin ne ya kama shi bai sani ba.

Fim na uku ya nuna masu shirya shi sun fahimci abin da aka zaɓa, ko da ba su faɗa ba. Ba su mai da Boyka mai fara'a ba, ba su ƙirƙiro masa uwa mai ciwo ko ƙanwa marainiya don a ji tausayinsa ba, ba su kuma ce ƙarya aka yi masa aka ɗaure shi ba. Sun bar shi da ɗaurin fuskarsa da girman kansa, sai suka ɗora masa gwiwar. Gwiwar nan ita ce mafi kyan dabara a jerin gaba ɗaya. Mai kallo ya ga lokacin da aka karya ta a fim na baya, saboda haka duk tsallen da Boyka ya yi a na uku yana da farashi, duk saukowa a kan ƙafar nan sai an ji ta a jiki. Faɗan da ba a tsoron kome a cikinsa rawa ce kawai. Sa'an nan ga tsumman. Abin da aka wulakanta shi da shi a farkon fim, yana jan sa a ƙasan makewayi, irinsa ya gani a gefen fage sa'ad da Dolor ya buge gwiwar ya fado waje, ya ɗaure ƙafar da shi, ya koma. Ba dabara mai zurfi ba ce, kowane ɗalibin kwalejin horon malamai zai gane ta da an nuna masa. Amma ƙulli ne na zubi, an dasa abu a farko an girbe shi a ƙarshe, kuma masu cewa ba su kula da labari ba su ne suka fi kowa ambaton wurin nan. Haka kuma yadda Boyka ya mai da fasa dutsen da aka ɗora musu don a gajiyar da su ya zama motsa jiki: an ɗauki azaba an juya ta ta zama makami.

Ba wannan ne karo na farko da abokin hamayya ya ƙwace wasa daga hannun mai shi ba. Wanda ya karantar da Ruwan Bagaja a aji ya san yadda yara ke farkawa duk sa'ad da Malam Zurƙe ya shigo. Bambancin shi ne, Abubakar Imam ya gama littafinsa kafin masu karatu su ce wani abu, nan kuwa an bar ƙofa a buɗe, jama'a suka shigo suka sauya tauraro.

Akwai ra'ayi na biyu, na waɗanda suka ɗauki kansu sun fi na farko wayo. Su cewa suke yi abin duk tatsuniya ce, ba kurkukun da za a kafa fage a ciki a tara jama'a, balle a saki fursuna don ya iya duka. Nan kam sun yi gaggawa. A 1978 wani fursuna mai suna James Scott ya yi dambe a cikin kurkukun Rahway na jihar New Jersey, aka nuna a talabijin, ya buge Eddie Gregory, wanda a lokacin yana sahun gaba na masu neman kambin duniya a ajinsu. A 2007, a wani kurkuku na Bankok, wata fursuna 'yar Tailan, Siriporn Thaweesuk, ta ci kambin duniya na hukumar WBC a gaban gandirobobi, aka kuma sake ta kafin wa'adinta ya cika. Gasar ƙasashe takwas da harbe wanda ya faɗi ƙari ne na masu fim, amma tushen, watau hukuma ta ga jikin fursuna abin nuni ne mai kawo riba ko suna, ba su suka ƙirƙira ba.

Ƙaryar finafinan nan tana wani wuri dabam, kuma ban ga 'yan kallo sun cika damuwa da ita ba. Abin da kurkuku ke ci a jikin mutum lokaci ne. Duka da yunwa suna zuwa su wuce, amma kwanakin da ba su da bambanci da juna su ne hukuncin. Walter Hill ya san haka, shi ya sa ya ba Hutchen tsinkayen sakacensa. Mutum mai ƙarfin da zai iya kashe wani da hannu yana zaune yana liƙa tsinke a kan tsinke, domin yana da shekarun da ba su da iyaka kuma dole ya zuba su a wani wuri. Wannan hoto ɗaya ya faɗi abin da ɗauri yake fiye da dukan abin da ke cikin na biyu da na uku. Kuma daidai wannan ne masu ƙaunar Boyka suke kushe fim na farko da shi, suna cewa yana da sanyi, yana jan ƙafa. Daga na biyu zuwa gaba kurkuku ya daina zama wurin da lokaci ke tsayawa, ya zama zauren jiran shiga fage. Katanga da sarƙa da gandiroba suna nan, amma amfaninsu ɗaya ne, su hana mayaƙi ƙin faɗa. Za a iya ɗauke labarin a kai shi wani tsibiri ko wani rami a ƙarƙashin ƙasa, ba abin da zai ragu.

Ana iya cewa wannan ba laifi ba ne, fim ɗin faɗa ba rahoton hukumar gidajen yari ba ne. Na yarda, amma a tuna an yi finafinan kurkuku masu zafi waɗanda ba su sayar da kurkukun ba. Riot in Cell Block 11, wanda Don Siegel ya yi a 1954, an ɗauke shi a cikin kurkukun Folsom na gaske, kuma mai ɗaukar nauyinsa, Walter Wanger, bai daɗe da fitowa daga ɗauri ba. Akwai tarzoma da duka a ciki, amma abin da ake tarzomar a kansa cunkoso ne da mugun abinci da haɗa masu taɓin hankali da sauran fursunoni. Sa'an nan a dubi ƙasar da fim na uku ya ari sunanta. A watan Satumba na 2012, shekara biyu bayan fitowarsa, gidajen talabijin na Jojiya suka nuna hotunan da aka ɗauka a ɓoye a kurkukun Gldani na birnin Tbilisi, inda gandirobobi ke azabtar da fursunoni da cin mutuncinsu. Jama'a suka fito tituna, ministoci biyu suka sauka, jam'iyyar da ke mulki ta faɗi zaɓen da aka yi a farkon Oktoba. Waɗanda aka gani a hotunan nan ba mai tsalle ko juyi a cikinsu. Fim ɗin ya ari sunan ƙasa don ya ji baƙo a kunnen Ba'amurke, an ɗauke shi a Bulgeriya, Barashen cikinsa Bature ne mai kwaikwayon harshe, kuma ba abin da ya gaya wa kowa game da ainihin abin da ke bayan katangun can.

Wani abu kuma da ya kamata malami ya ja hankalin ɗalibansa gare shi shi ne wurin da fim ɗin ya zaunar da mai kallo. A cikin labarin akwai 'yan kallo iri biyu. Akwai fursunonin da ke ihu a bakin fage, akwai kuma attajirai 'yan caca, waɗansu a kujeru masu laushi, waɗansu a nesa suna kallo ta akwatin talabijin, waɗanda ba su san sunan kowa ba sai na wanda suka zuba wa kuɗi. Fim ɗin yana so mu ƙi waɗannan, ya kuwa zana su da ƙiba da haɗama don kada mu yi kuskure. Amma kamarar da ke ja baya ta nuna mana jiki duka, ta sassauta gudu a daidai lokacin da ƙashi ke karyewa, kallon wa take ba mu? Kujerar attajiran ce, har ma ta fi tasu kyau. Kuma yadda mutane da yawa suka san Boyka a yau, watau ta gutsattsarin faɗa da aka yanko aka zuba a YouTube, babu farko babu ƙarshe, shi ne ainihin abin da 'yan cacar ke saye. Ba na faɗin wannan don in kunyata kowa, ni ma na ji daɗin faɗan. Sai dai mai cewa faɗa kaɗai ya zo kallo ya dace ya san bakin wa ya ara a cikin wasan.

Saura batun yafewa, kuma nan ne ra'ayin jama'a ya fi bukatar a tsare shi da tambaya. Sau biyu jerin nan yana wanke mugu. Chambers ya shiga fim na farko da hukuncin fyaɗe, yana musu har ƙarshe, an kuma nuna matar tana ba da nata labarin. Fim na biyu bai mai da wannan abin magana ba. Ya ɗora masa wani sabon laifi wanda kowa ya ga ƙage ne, sai zaluncin da aka yi masa a Rasha ya rufe tambayar da aka bari a Amurka. Boyka kuwa mai kisan kai ne, amma ba a nuna mana wanda ya kashe ba, ba shi da fuska, ba shi da dangi. Fim na uku ya kira kansa fansa, alhali abin da aka fansa a cikinsa gwiwa ce da kirari. An zalunci Boyka a gasar, ya yi wa Turbo alheri, ya fita yana dariya, mai kallo ya tashi da jin an yi adalci. Amma wanda ake bi bashi na asali ba a ko kira shi zaman ba. 'Yan kallo sun yafe abin da ba su aka yi wa ba, kuma sun yafe ne don mai laifin ya iya tsayuwa a fage.

Ga alama masu fim ɗin sun ji wannan giɓi, domin na huɗu, wanda Todor Chapkanov ya ba da umarni aka fara nuna shi a 2016, a kansa ya tsaya. Boyka yana waje, yana faɗa a Yukren, yana gab da samun shiga babbar gasa ta halal, sai abokin karonsa ya mutu ta dalilin dukansa. Wannan karon mamacin yana da suna, Viktor, yana da mata, Alma. Boyka ya bar damarsa, ya tsallaka Rasha inda ake nemansa, don ya roƙi gafararta, ya tarar wani ɗan ta'adda ya riƙe ta da bashi, ya yi faɗa ya biya. Ta fuskar sana'a bai kai na uku ba. Labarin mace a hannun azzalumi tsohon yayi ne, kuma Alma ba ta da aiki da yawa sai jira. Galibin masu kallo ma ba su fifita shi a kan na uku ba. Amma shi kaɗai a cikin ukun da Boyka ya fito ya yarda cewa gafara tana hannun wanda aka cuta, kuma ana iya hana ta. Alma ba ta ba shi ita da wuri ba. Sai da ya kashe azzalumin, aka kama shi, aka mai da shi kurkukun da ya sha wahalar fita, sa'an nan ta zo ziyara ta ce ta yafe. Daga nan fim ɗin ya bi shi zuwa fagen gidan yari, fursunoni suna kiran sunansa, ya shiga.